Shekarar da Na Rege Ƙoramar Inna

Da sunan Allah, wanda Ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa da abin da ke cikin ƙirji. Na riga na ba ku labarin ƙuruciyata da na zamana da babanku har Allah Ya karɓi abinsa, yanzu kuma na iso wurin da na daɗe ina kewayawa. Na sha jin yadda kuke ba da labarin nan idan kun zauna, musamman kai Bashiru, da ba ka nan aka yi amma ka fi kowa iya tsara shi. Wai baƙi sun zo neman ma'adinai a ƙauyenmu, kawunku Sahabi ya so ya yaudare su, uwarku ta miƙe ta faɗi gaskiya, shi kuwa ya ƙullace ta har ya koma ga Allah. Labari ne mai daɗi, ni kaina nakan ji kaina yana kumbura idan kuna bayarwa. Sai dai ba haka aka yi ba, kuma saboda wannan labarin kun shekara tara babu wanda ya taka gidan kawunku a cikinku. To ku saurara, tun ina da sauran idon da zan ga layin takarda.

Dole in fara da Inna, kakarku Tumba, domin ba za ku gane komai ba sai kun san ta. Maginiyar tukwane ce. Asalinta mutuniyar ƙasar Maradun ce, daga wani ɗan ƙauye a gindin dutse can bayan Gidan Goga, aure ya kawo ta wajenmu kusa da Dakko. Ta yarda da ruwan garinmu, ta yarda da yumɓunmu, amma har ta mutu ba ta yarda da yashinmu ba. Ku da kuka tashi da tukunyar ƙarfe ba ku san cewa yumɓu shi kaɗai ba ya yin tukunya ba, sai an cuɗa shi da yashi, in ba haka ba yana jin wuta zai tsage. Duk shekara idan an gama girbi, ƙannenta maza sukan iso da jakuna huɗu ko biyar, mangalolinsu cike da yashin gindin dutsen garinsu, kwana biyu suna hanya. Ranar zuwansu ranar salla ce a wurinmu, don ban da yashi akwai ɗinya da magarya da ƙwan zabi. Baba kuwa bai taɓa barin ranar ta wuce bai tsokane ta ba.

"Tumba, duk yashin gulbin ga bai ishe ki ba, sai an yo miki safara kamar gishiri?"

"Yashin garinku ba shi da ƙashi, Malam," in ji ta. "Ruwa ya gama tsotse shi. Tukunyar da anka gina da shi, ta ga wuta sai ta yi kuka."

Akwai wata ƙorama a bayan gonarmu, da kanya a bakinta, da wani faffaɗan dutse a gindin kanyar. Nan Inna take kai yashinta ƙwarya ƙwarya, ta tsuguna ta rege shi kamar yadda ake rege shinkafa. Na sama mai haske shi take so, shi take kaiwa gida. Wanda ya kwanta a gindin ƙwarya kuwa, baƙi mai nauyi, sai ta yarfar da shi nan gefen dutsen, ta ce shi ke sa tukunya ƙuraje. Haka ta yi shekara wajen arba'in. A wurin ta koya mini rege, kuma ba da lallashi ba. Idan tsakuwa ɗaya ta gamu da haƙorin Baba a cikin tuwo, ba ta tambayar wa ya yi aikin, kunnena take nema. Ranar Talata mu ɗora tuluna da randuna da tandar masa mu nufi kasuwar Talata Mafara tun rana ba ta yi zafi ba. Har yau ina jin ƙarar tulun Inna idan ta ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa a gaban mai saye, ta ɗaga gira. Ba ta iya ciniki ba, tulun ne yake yi mata.

Kawunku Sahabi ya girme ni da shekara bakwai. Mu tara Inna ta haifa, mu biyu muka tsufa. Idan ruwa ya kawo a hanyar kasuwa, shi yake ɗora ni a wuya ya haye da ni, ina riƙe da kunnuwansa, yana cewa in na cire masa ɗaya sai na biya. Da babanku ya rasu, ranar da na fita takaba, bai aiko kowa ba, shi da kansa ya zo da amalanke ya kwashi kayana, ya buɗe mini ɗakin Inna ya ce in shiga. Mutum ne marar yawan magana, manomin shinkafa da albasa, wanda bai taɓa riƙe sarautar komai ba. Idan ana taro a ƙofar mai gari, can baya yake zama, a gama a watse ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa. Ban taɓa tsammanin abin yana damunsa ba, sai daga baya na gane.

Inna tana da shekara goma sha biyu da rasuwa baƙin suka zo. Lokacin hanyoyinmu lafiya lau, mace takan tashi daga Bakura ta je Maradun ta dawo ba ta waiwaya ba. Ina wanki a gindin kanya sai ga farar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya, maza uku suka sauko da shebur da rariya da wasu farantai masu zurfi, sai wata mace doguwa da malafa a kan mayafinta. Ita ce shugabarsu. Dakta Rabi sunanta, 'yar Talata Mafara ce amma karatu ya yi nisa da ita, mutanen garinmu kuwa nan da nan suka sa mata Likitar Duwatsu. Mazan nan suka ɗebi yashi suka shiga ruwa suna jujjuya shi a faranti. Na kalle su, na kau da kai, na sake kallo, dariya ta ƙwace mini.

"Gwaggo, me ya ba ki dariya?" in ji ta.

"Yaran ga naki," na ce. "In da shinkahwa ta sunka rege haka, da maigida ya kwan ba haƙora. Rabin abin da kuke biɗa ruwa ya tahi da shi."

Ba ta ji haushi ba. Ta ce to in nuna musu. Na ture farantinsu, na ɗauki ƙwaryata, na ɗebi yashi nan gefen dutsen da nake tsugune, na rege. Kafin su gama gyara tsayuwa na miƙa mata ƙwarya da baƙin gari kwance a gindinta, tas, ba ƙwayar farin yashi ko ɗaya. Ta daɗe tana kallo, ta juye shi a 'yar leda ta rubuta lamba a jiki. Da yamma ta zo gida ta durƙusa ta gaida Yaya Sahabi, ta roƙi ya ba ta aron ƙanwarsa. Yaya ya ce shi bai taɓa jin an ɗauki mutum aikin gwamnati saboda iya rege ba, amma in dai ba za a hana ni salla ba, in je.

Wata biyar na yi ina yawo da su, kuma ba zan ɓoye muku ba, tun rasuwar babanku ban ji daɗin duniya kamar lokacin ba. Mun bi ƙoramu da kwazazzabai tun daga Ruwan Gizo har bayan Bakura. A kowace mahaɗar ruwa su haƙa, su tankaɗe, ni in rege, ita ta ƙulla ta rubuta. Matan Fulani su kawo mana nono a inuwa, su tsaya suna kallon tsohuwar bazawara tana wanke ƙasa ana biyanta. Da farko kowa ya ɗauka zinariya muke nema, ni ma haka. Wata rana muna hutawa a gindin gawo ta warware mini. Ta ce akwai wasu ƙarafa masu wuyar samu da ake sawa a cikin wayar hannu da injuna, kuma dutsen da ke ɗauke da su yakan ɓuya a ƙarƙashin ƙasa, ba ya nuna kansa. Amma idan ya daɗe yakan marmashe, ya saki wasu ƙwayoyi ƙanana masu nauyi, masu launin zuma. Su muke farauta. Ba su ne arzikin ba, 'yan aike ne kawai, idan ka same su sai ka bi sawunsu har ka iske uwarsu.

Ta ce a ƙasar da ta koyo aikin, wata ƙasa mai tsananin sanyi, can a zamanin da, ƙanƙara ce ta lulluɓe ko'ina, tudu guda mai kaurin da ya fi duwatsunmu tsawo, tana tafiya a hankali tana kankare duk dutsen da ta bi ta kansa, tana ja da garinsa. Da ta narke sai ta bar shi shimfiɗe a nesa da inda ta ɗauko. Masu irin aikinta sukan haƙa wannan ƙasar su wanke, su ƙirga ƙwayoyin, su bi inda suke ƙara yawa, kamar mai bin geron da ya zuba daga hudajjen buhu har ya kai inda aka ɗauko buhun.

"Mu nan ba mu da ƙanƙara," ta ce, "ruwa shi ne mai ɗaukar kayanmu. Ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Duk abin da ya kawo, daga sama ya kawo shi."

Na ce mata Allah Ya raba mu da garin da ƙanƙara take tafiya da ƙafarta. Ta yi dariya har malafarta ta faɗi.

Suka kwashi ledojinsu suka tafi gwaji. Rani ya yi nisa, har mun fara mantawa da su, sai ga motar ta dawo, kuma ba ta tsaya ko'ina ba sai ƙoramarmu. A cikin ɗaruruwan ledojin nan, ɗaya ce ta fita daban, wadda na rege ranar farko don in nuna iyawa. Muka sake ɗiba sama da ƙasa. Sama da kanya babu komai. A gindin kanya ƙwayoyin zuma kamar an zuba. Ƙasa da ita kuma suna raguwa har su ɓace. Dakta ta ƙara da cewa ƙwayar da ta yi doguwar tafiya a ruwa takan goge ta yi sumul, waɗannan kuwa da kaifinsu, alamar ba su yi nisa da uwarsu ba. Ke nan dutsen yana nan kusa, ƙila a ƙarƙashin gonar Yaya. Ta gargaɗe mu cewa zato ne tukuna, sai an kawo injin haƙa an tabbatar. Amma kun san mutanenmu, kalmar ƙila ba ta kai bakin kasuwa ba ta faɗi a hanya.

Kafin sati ya zagayo, Yaya ya zama wani mutum. Aka kafa turaku masu jan ƙyalle a gonarsa. Mai gari ya ce duk baƙon da ya zo kan maganar nan a kai shi wurin Sahabi. Samari suka fara kiransa Sarkin Dutse da wasa, dattawa suka ɗauka da gaske. Mutumin da yake zama can baya, yanzu shi ake shimfiɗa wa buzu a gaba. Ya fiddo babbar rigarsa ta salla yana sawa ranar Laraba. Ya ce bana ba zai shuka gonar ba, kada injin ya zo ya tarar da shinkafa. Sannan ya aika wa ɗansa Nasiru, wanda ya shekara shida a Ibadan yana tsaron shagon wani mai kayan gini har an fara sakar masa makulli, ya ce ya ajiye aikin ya dawo, aiki ya zo har gida. Nasiru ya dawo da matarsa da katifarsa. Na ga Yaya yana dariya har ana ganin dasashinsa, abin da ban gani ba tun muna yara.

Tun Nasiru bai baro Ibadan ba, wata rana Dakta ta ce in zo in ga abin da hannuna ya kamo. Ta zuba baƙin garin a tafin hannuna, ta ba ni wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu. Na duba, na ga 'yan ƙwayoyin suna ƙyalli a cikin baƙi. Da na gama sai na yarfar da shi gefen dutsen, na goge hannuna a zane. Hannuna bai gama sauka ba na ankara cewa wannan yarfawar ba tawa ba ce, ta Inna ce. A kan dutsenta nake tsugune, a inda ta shekara arba'in tana zubar da abin da ba ta so. Ba ruwa ne ya kawo ƙwayoyin nan ba, shi ya sa ba su goge ba. A bayan jaki suka zo.

Ga inda nake so ku buɗe kunnuwanku. Daga wannan rana zuwa ranar taron da kuke ba da labari, kwana arba'in ne ko kusa da haka. Duk safiya ni nake kai wa Yaya kununsa a zaure, in durƙusa mu gaisa, ya tambaye ni kwanan ƙafata mai ciwo, in tambaye shi gajiya. Sau arba'in na buɗe baki, sau arba'in na rufe. Nakan gaya wa kaina tausayinsa nake ji, kada in kashe masa farin ciki. Akwai wannan, ban musa ba. Amma akwai tsoro, kuma akwai son kai, don ni ma ba na so motar nan ta daina tsayawa a ƙofar gidanmu. Ina kallo damina ta sauka, maƙwabta suka yi shuka, gonarmu ta cika da ciyawa tsakanin turaku. Da na yi magana a satin farko, da an shuka gonar, da kuma an samu a tare Nasiru kafin ya miƙa makulli.

Ashe Dakta ma hankalinta bai kwanta ba. Ta haƙa ramuka a gonar da hannu, dutsen da ta tarar ba irin wanda ke haifar da ƙwayoyin ba ne. Kafin ta sa hannu a kawo injin, ta nemi mai gari ya tara dattawa. Aka taru da hantsi a ƙofar gidansa, maza cike da rumfa, Yaya a gaba da babbar riga. Ni kaɗai ce mace ban da ita, ina rakuɓe a gefen motar da ƙwaryata, wai ko za a buƙaci in nuna rege. Bayan an gama gaishe-gaishe ta ce tambaya ɗaya gare ta.

"Iyayena, ko akwai wanda ya san an taɓa kawo ƙasa ko yashi daga wani wuri an zuba a bakin ƙoramar nan? Ko don gini, ko don cike rami?"

Kowa ya dubi Yaya. Ya gyara zama ya ce, "Babu. Nan anka haihe ni, nan na tsuhwa. Mota ba ta taɓa juye komi wurin ga ba."

Wallahi ban shirya ba. Na ji dai an ce za a kawo injin, za a kashe dukiya, a tara mutane a kan abin da na san babu, sai maganar da na danne kwana arba'in ta fito da kanta, da ƙarfi kuma, yadda na bayan rumfa ma ya ji.

"Akwai, Yaya. Yashin Inna."

Dakta ta juyo ta ce in yi bayani, na yi, tun daga jakuna har yarfawa. Tsofaffin da suka san Inna suka fara gyaɗa kai, wani ya ce ƙwarai an yi haka, shi ma ya tuna. Sai wani mai baƙin baki daga baya, ba zan faɗi sunansa ba don jikokinsa suna nan, ya ce, "To Sarkin Dutse, ashe sarkin jakai na!" Dariya ta ɓarke. Yaya bai dube ni ba. Ya miƙe, ya naɗe hannun rigarsa a kafaɗa, ya yi wa mai gari sallama yadda ya kamata, ya sa takalmansa ya tafi. Ina kallon bayansa har ya sha kwana, kuma tun a lokacin na san magana zarar bunu ce.

Kuna cewa ƙarya ya yi. Ni ban sani ba, kuma ku ma ba ku sani ba. An tambaye shi gini da cike rami, ya amsa a kan mota. Namiji ne, yana gona lokacin da Inna take bakin ƙorama, ina ruwansa da abin da mace ta yarfar daga ƙwarya? Ni da na tsuguna kusa da ita shekara da shekaru sai da hannuna ya tuna mini. Ko da kuwa ya tuna ya danne, to ni da na danne kwana arba'in ba ni da bakin zarginsa.

Dakta ta nemi tsingaron wata tsohuwar randar Inna, ta daka, na rege, ga 'yan ƙwayoyin da suka tsere wa Inna suna nan a ciki. Ta ce na cece ta daga kunyar da za ta bi ta har ƙarshen aikinta. Aka cire turaku. Bayan kwana kaɗan na raka ta garin su Inna, tafiyar da jakuna suke yi kwana biyu muka yi ta kafin azahar. Rabona da garin tun ina budurwa. Dutsen yana nan yadda na san shi, da ramin da kawunnanmu suke ɗibar yashi, ɗinya ta tsiro a bakinsa. Wata tsohuwa ta leƙa fuskata ta ce, "Wagga ɗiyar Tumba ta," ta kama ni tana kuka, ni ma na taya ta. Na rege ƙwarya uku a wurin, Dakta ta duba ta ce ga uwar nan. Sun yi niyyar dawowa da rani. Kafin su gama shirinsu daji ya fara lalacewa, kun dai san abin da ya sami wannan yankin. Ba su dawo ba, mutanen ƙauyen ma yawancinsu sun tashi. Dutsen Inna yana can da abin da ke cikinsa, ba wanda ya ci.

A gida kuwa Yaya bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba, bai hana ni hatsi ba. Da ya yi ɗaya daga ciki da na fi samun sauƙi. Gaisuwa kawai ya bar mini. In kai kunu, ya tambaye ni kwana da gajiya da ƙafa, ɗaya bayan ɗaya ba ya tsallake ko guda, kamar yadda ake gaida baƙuwar da ta sauka jiya, daga nan sai ya ɗauki carbinsa. Ya daina zuwa ƙofar mai gari ko da can baya. Shekarar nan sai da muka sayi shinkafa, mu da muke sayar wa mutane. Nasiru ya koma Ibadan ya tarar an ba wani makullin, ya dawo ya shiga acaba. Sunan sarkin jakai kuwa ya bi Yaya har masallaci. Na daure wata bakwai, rannan na ajiye kunu na ƙi tashi.

"Yaya, ka yahe mini. Amma ai gaskiya na hwaɗi."

Ya ajiye carbi ya ɗago.

"Luba, wa ya ce miki ƙarya kinka yi? Tun yaushe kinka sani?"

Na faɗa masa.

"Kwana arba'in," ya ce. "Daga ƙohwar ɗakinki zuwa zauren ga taki nawa na? Da kin zo nan kin hwaɗa mini, da ni da bakina zan tashi gaban mutane in ce yashin uwata na, in kai su har gindin dutsen. Da sai a ce Sahabi ya yi dattako. Kin bari na sa riga, sannan kinka tuɓe mini ita a kasuwa."

Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, don ba ya faɗin abin da ba ya nufi. Amma yafiya daban, sakin fuska daban. Da kai Bashiru ka gama gininka a Talata Mafara ka ce in dawo wurinka, na zo ina sa ran Yaya zai ce ina za ki. Ya ce Allah Ya kiyaye hanya, ya sa aka ɗora mini buhun albasa. Shekara shida muka ƙara a duniya tare. Ina zuwa da salla, mu gaisa, in dawo. Kullum ina cewa wata zuwan zan zauna in kwana biyu, in yi ta yi masa surutu har ya gaji ya tsokane ni. Ban yi ba.

Ranar wata Talata na shiga kasuwa sayen kayan miya. Na tsaya wurin wata mai daddawa 'yar ƙauyenmu, ina ta yi mata tsiya a kan ƙanƙantar ƙullinta, ina dariya. Na ga tana dubana wani iri. Sai ta kama hannuna.

"Gwaggo Luba, ya haƙuri? Ashe haka Allah Ya yi da Malam Sahabi. Shekaranjiya munka ga ba ki wurin zaman makoki, munka ce halan ƙahwar ta ta hana."

Kwanansa biyu a ƙasa. Nasiru bai aiko ba. Wannan ne kuka riƙe, kuka ce ko a hanya kuka gamu ba za ku gaishe shi ba, kuma ban hana ku ba a lokacin don ni ma zuciyata tana tafasa. Yau ina hana ku. Yaron nan aikinsa na shekara shida ya tafi a kan shirun da na yi, kuma ya ga ubansa yana bin bayan gari zuwa masallaci don kada a kira shi da sunan jaki. Ku je ku gaishe shi, ku ce gwaggonsa ce ta aiko ku, kada ku jira sai an zo muku da labarina.

Ni dai na tsaya a tsakiyar kasuwar nan da ƙullin daddawa a hannu, mutane sun kewaye ni, kowa ya san abin da ya faru a gidanmu ban da ni. Shekara shida ina cewa na san abin da na yi wa Yaya. Sai ranar na sani.